Mayar da sararin cikin gida wurin motsa jiki: tsari, doka, kayan aiki da abin kiyayewa

Wurin motsa jiki na gida wani yanki ne da ake keɓewa a cikin gida, a gefen tsakar gida ko a lungun da ke tsakanin ɗakuna da katanga, a gyara ƙasarsa, a yi masa inuwa, a kafa 'yan kayan da mutum zai riƙa horar da jikinsa da su ba sai ya fita ba. A biranen Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar, mai gida da magini ɗaya da mai walda sun isa su kammala irin wannan aiki. Ɗorewarsa kuwa ta dogara ne ga tsarin da aka yi tun kafin a sayi buhun siminti na farko, domin wurin da aka gina ba da lissafi ba yakan koma ma'ajiyar tarkace cikin 'yan watanni.

Dalilin da ya sa batun ya taso

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, ana son baligi mai shekara 18 zuwa 64 ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai tsanani na minti 75 zuwa 150, sannan ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Yara da matasa masu shekara 5 zuwa 17 kuwa ana so su samu kimanin minti 60 a kullum. Alƙaluman da hukumar ta bayyana a 2024 sun nuna cewa kashi 31 cikin 100 na baligan duniya, wato kusan mutum biliyan 1.8, ba su kai wannan mizani ba a 2022. Rashin motsa jiki yana daga cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

A Najeriya akwai kuma lissafin aljihu. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin zirga-zirga ya zama abin da ake dubawa kafin a fita, kuma ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, biyan kuɗin wata a gidan motsa jiki na kasuwa ba ya cikin abubuwan da ke gaba. Filayen jama'a irin su Filin Sukuwa na Kano da Dandalin Murtala na Kaduna suna karɓar masu atisaye da sassafe, amma sun yi wa yawancin unguwanni nisa, ga shi ƙananan filayen wasa na cikin unguwa suna ta komawa fulotai da shaguna. Mata su suka fi jin wannan ƙunci, domin da yawansu ba su da wurin da za su motsa jiki cikin sutura da natsuwa in ba a gida ba. Samar da filayen wasa da hanyoyin masu tafiya a ƙasa yana nan a wuyan hukumomi. Wurin gida yana rage wa iyali ɗaya matsalar ne kafin a kai ga wancan.

Zaɓen wuri da awo

Matakin farko shi ne a san irin atisayen da za a yi da yawan mutanen da za su yi shi, domin su ke yanke girman wurin. Mai tsallen igiya da miƙe jiki a kan tabarma, mita 2 sau 3 ya ishe shi. Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar fiye da haka, saboda cikakkiyar sandar ɗaga ƙarfe ta maza tsawonta mita 2.2 ne, nauyinta kilo 20, ta mata kuma ta ɗan haura mita 2, nauyinta kilo 15. Idan aka bar rabin mita a kowane gefe don sa nauyi da cire shi, faɗin da ake buƙata ya wuce mita 3. Saboda haka mita 3 sau 4 shi ne awon da ke ɗaukar sanda da benci da wurin tsalle ba tare da cunkoso ba.

Kafin a ja layi, sai a binciki abin da ke ƙarƙashin ƙasa. A gidaje da yawa lungun baya shi ne inda aka haƙa masai ko sokawe, wani lokaci kuma akwai tsohuwar rijiya da aka cike. Murfin irin waɗannan ramuka ba a yi shi don ɗaukar dirar ƙarfe mai nauyi ba, kuma ƙasar da aka cike takan ci gaba da lotsawa shekaru bayan an rufe ta. Haka nan a san inda bututun ruwa da wayar wuta suka bi kafin a sa diga. Hanya mafi sauƙi ta gane halin wuri ita ce a lura da shi bayan ruwan sama mai ƙarfi: inda ruwa ke kwanciya, da inda indararo ke zuba, da hanyar da ruwan ke bi zuwa kwata.

Sai kuma rana. Wurin da katanga ko ɗaki ya kare daga yamma yana samun inuwa da la'asar, wanda aka kare daga gabas kuma yana da sanyi da hantsi. Lokacin da masu gida za su riƙa atisaye shi zai nuna wanda ya fi dacewa. Ana kuma nisantar madafi saboda hayaƙi, da turken dabbobi saboda ƙuda da wari.

Izini, haya da haƙƙin maƙwabta

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, dokar tsara birane ta 1992 kuma ta shimfiɗa tsarin neman izini kafin gini. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar a kan Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Don haka ƙa'idar ta bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma hukumar jiha ake tambaya: KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, sashen kula da gine-gine na Hukumar Babban Birnin Tarayya a Abuja. Shimfiɗa tabarma da kafa sanda a cikin gida ba gini ba ne. Da zarar aiki ya kai ga tayar da bango, ko ƙara tsayin katanga, ko rufin dindindin, tambayar hukuma kafin farawa ta fi araha a kan gyara bayan an zana wa bango jan fenti. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne fitar da gini zuwa kan layi ko kan magudanar ruwa ta unguwa.

Ɗan haya yana buƙatar yardar mai gida a rubuce, tare da bayanin wanda zai mallaki daɓe da rumfa ranar tashi. Ya fi masa sauƙi ya zaɓi abin da ake kwancewa: shimfiɗar roba a kan daɓen da ya tarar, da rumfar da aka haɗa da kusoshi masu noti. A gidan gado kuwa, inda magada da yawa ke da haƙƙi a fili ɗaya, shawara da su tana gaba da awo.

Haƙƙin maƙwabci yana shiga ta fuska uku. Ruwan rumfa ya zuba a cikin gida, kada ya faɗa gidan wani ko ya ci gindin katangar da ake tarayya a kanta. Ƙarar ƙarfe da kiɗa da asuba tana ratsa bango. Na ukun shi ne wanda aka fi mantawa da shi: mutumin da ya ɗaga jikinsa a kan sanda mai tsayin mita 2.3, kansa yana haura katangar gidaje da yawa, sai ya zama yana hangen tsakar gidan maƙwabta. Ana magance wannan da kafa sandar nesa da katanga, ko a kare gefen da zana ko asabari. Ƙorafin da ake kai wa mai unguwa yakan faro ne daga irin waɗannan ƙananan abubuwa.

Daɓe

Akwai zaɓi uku. Mafi araha shi ne a share ƙasa, a baje jar ƙasa mai tsakuwa, a yayyafa ruwa a daddaɓe ta sosai. Ta isa ga tsalle da atisayen da ba na ƙarfe ba, sai dai tana ƙura da rani, tana laushi da damina. Na biyu shi ne bulon shimfiɗa mai shiga juna, wanda ake jerawa a kan yashi, ana kuma iya kwashe shi. Na uku shi ne kankare, wanda ya fi dacewa da ɗaga ƙarfe.

Ga daɓen kankare, ana cire ƙasar sama mai laushi, a zuba ɓaraguzan bulo ko dutse a daddaɓe, sannan a zuba kankare mai kaurin santimita 10. Haɗin da aka saba shi ne kashi 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A ma'aunin magina, buhu ɗaya mai kilo 50 yana daidai da kwanon sarki 2, don haka yana tafiya da kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Wuri mai mita 3 sau 4 a wannan kauri yana cin kusan buhu 8. A karkata daɓen da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa wajen kwata, kuma a bar fuskarsa da ɗan kaushi, domin daɓe mai santsi yana kayar da mutum idan gumi ko ruwa ya zuba.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen ban ruwa. Siminti yana yin ƙarfi ne ta hanyar haɗuwarsa da ruwa, kuma a zafin bazara ko bushewar hunturu ruwan yana ƙafewa kafin aikin ya kammala, sai daɓe ya tsattsage. A lulluɓe shi da buhunan algarara ko leda, a riƙa jiƙa shi safe da yamma aƙalla kwana 7. Cikakken ƙarfinsa sai ya kai kwana 28, kuma kafin nan ba a jefa masa nauyi. Bayan ya bushe, shimfiɗar roba mai kauri ko katako mai faɗi a inda ƙarfe ke sauka yana kare daɓe, yana kuma rage ƙara.

Rumfa, zafi da iska

Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, don haka inuwa wajibi ce. Rumfa mai buɗaɗɗun gefe ta fi ɗaki rufaffe, saboda iska tana ratsawa, gumi yana bushewa. Tsayinta a gefen da ya fi ƙasa kada ya gaza mita 2.7, domin mutum mai matsakaicin tsayi idan ya ɗaga sanda bisa kansa, da faifan nauyi mai faɗin santimita 45, yana kaiwa kusan mita 2.5. Kwano yana ɗaukar zafi ya sauke shi a kan wanda ke ƙarƙashi. Ana rage wannan da ɗaga rufin, da shafa wa samansa farin fenti, da shimfiɗa zana ko silin a ƙarƙashinsa tare da barin sarari a tsakani. Rumfar zana zalla ta fi sanyi da araha, amma tana son sauyi akai-akai, kuma a nisanta ta da wuta.

Hadarin farkon damina yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, kuma rumfa mai buɗaɗɗun gefe ita ce farkon abin da iska ke shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga. Saboda haka ana binne ginshiƙai cikin rami mai zurfin santimita 60 ko fiye, a cika da kankare, a ɗaure rufi da ginshiƙai da walda ko da ƙarfen ɗauri. Dutse da tsohuwar taya da ake ɗorawa a kan kwano ba su maye gurbin ɗauri ba. Ginshiƙin ƙarfe yana son fentin hana tsatsa, na katako kuma yana son maganin gara, musamman ɓangaren da ke shiga ƙasa.

Kayan aiki

Kaɗan daga cikin kayan ne sai an saya a kanti: igiyar tsalle, tabarmar roba, da robobin ja masu miƙewa. Sauran ana haɗa su a gida ko a wajen mai walda. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Dei-Dei a Abuja, da Katako a Yamai, wurare ne da aka sani da kayan gini da ƙarafa, sababbi da tsofaffi.

Sandar ɗaga jiki ita ce ta fi kowane kaya amfani idan aka kwatanta da kuɗinta. Ana yin ta da bututun ƙarfe mai kaurin bango, wanda faɗinsa ya kai santimita 3 ko kusa da haka don hannu ya riƙe shi da kyau, a ɗora shi a kan ginshiƙai biyu da aka binne da kankare. Siririn bututu irin na labule yana lanƙwashewa. Kafa sanda a jikin bangon bulo mai rami, ko katangar ƙasa, haɗari ne, domin jijjiga tana sassauta kusoshi a hankali har ranar da za su fita gaba ɗaya.

Nauyi kuwa lissafinsa a bayyane yake. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 25 idan ta cika ta kai kilo 25, kuma ana rage ta ko a ƙara gwargwadon ƙarfin mai ɗauka. Busasshen yashi ya fi ruwa nauyi da kusan rabi, kuma buhun yashi da aka sa a leda aka ɗinke cikin wani buhun yana aikin ɗauka da saɓawa. Lita ɗaya ta kankare tana kusan kilo 2.4. Faifan kankare mai faɗin santimita 30 da kaurin santimita 6 yana ba da kusan kilo 10. Ana zuba shi a cikin roba ko tsohon kwano, a sa guntun bututu a tsakiya don ramin sanda, a sa waya ko guntayen rodi a ciki don kada ya rabe. Bayan ya bushe a auna kowane faifai a sikeli, a rubuta nauyinsa a jiki, a haɗa masu nauyi ɗaya biyu-biyu. Sanda mai nauyin da ya rinjayi gefe ɗaya tana karkatar da baya da kafaɗa. Kowace sanda kuma tana buƙatar maƙalli a bakinta da zai hana faifai zamewa.

Benci da matokarin sanda aikin mai walda ne, kuma nan ba a neman araha. A duba cewa walda ta zagaye kowace mahaɗa, ba ɗigo-ɗigo aka yi ba, a goge kaifin baki, a gwada kayan da nauyin da ya fi wanda za a riƙa ɗorawa kafin mutum ya kwanta a ƙarƙashinsa. Tsohuwar tayar babbar mota tana da amfani wajen juyawa da tsalle, amma a huda ta ta ƙasa, domin ruwan da ke kwanciya a cikinta matattarar sauro ce.

Wuta da haske

Injin gudu mai aiki da lantarki shi ne kayan da ya fi tsada, kuma shi ya fi saurin zama wurin shanya. Yana jan wutar da ƙaramin janareta ba ya ɗauka, ƙura tana lalata shi, kayan gyaransa kuma daga waje suke zuwa. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A zuwa naira 225 a kan kowace yunit, a Oktoban shekarar kuma jihohin Arewa da yawa sun kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Wurin da aka tsara shi ba tare da dogaro da lantarki ba yana aiki ko da wuta ko babu. Fitilar sola ɗaya da fanka mai caji sun wadatar. Idan za a ja waya, mai gyaran wuta ya sa ta cikin bututu, soket ya kasance mai murfi kuma sama da inda feshin ruwa ke kaiwa. Janareta kuwa ba a kunna shi kusa da mai atisaye, saboda hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari, mai haki kuma yana shaƙar iska fiye da wanda ke zaune.

Kasafi da jerin aiki

Farashin siminti da ƙarfe yana sauyawa cikin 'yan makonni, don haka an fi samun daidaito idan aka rubuta kasafi da adadin kaya: buhu nawa, kwano nawa, tsawon bututu nawa, kuɗin aiki nawa. Sai a tambayi farashi a wuri biyu ko uku a mako ɗaya, a ware kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na abin da ba a zata ba. Siminti ba a sayensa a ajiye, domin yana jan danshi ya daskare.

Jerin aikin shi ne bincike da yarda, sai hanyar ruwa, sai ramukan ginshiƙai na rumfa da na sanda, sai daɓe, sai rufi, kaya kuma a ƙarshe. Kafa ginshiƙai kafin zuba daɓe yana hana fasa sabon kankare. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, daga Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa ta tsane, zafi bai yi tsanani ba. Wanda kuɗinsa bai kai ba zai iya farawa da igiya da tabarma da jarka na wata biyu ko uku. Idan al'adar ta kama, sai ya zuba kankare da sanin abin da yake buƙata.

Lafiya da kiyaye haɗari

Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon suga, ko sikila, ko asma, da mace mai ciki, su ga likita kafin su fara. Wanda ya daɗe bai motsa jiki ba ya auna jininsa, domin hawan jini yakan daɗe ba tare da wata alama ba, kuma riƙe numfashi yayin ɗaga nauyi yana ƙara hauhawarsa a wannan lokaci. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi da ya ƙi daidaita, dalili ne na tsayawa nan take a nemi asibiti. A lokacin zafi ana atisaye bayan asuba ko gab da magariba, da ruwan sha a kusa. Ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa alamu ne na zafi ya yi wa jiki yawa. Da azumi, masu yawa suna mayar da atisaye mai nauyi zuwa bayan buɗa-baki. Ranar da hazo ya yi kauri kuwa, a yayyafa ruwa a kewaye, a rage tsananin atisaye.

Ba a kwanciya a benci ƙarƙashin sanda mai nauyi sai da wani a tsaye, ko da matokarin da zai tare ta idan hannu ya gaza. Nauyi ana ƙara shi ne kaɗan-kaɗan, sannu ba ta hana zuwa. Ƙwayoyi da allurai na kumbura tsoka da ake sayarwa ba da takardar likita ba suna illa ga hanta da zuciya, kuma duk wani garin ƙarin kuzari da ba shi da lambar NAFDAC abin gudu ne. A gidan da ke da yara, ana ajiye faifai a ƙasa a kwance, a sauke sanda daga matokari bayan an gama, a rataye igiya da robobi inda hannunsu ba ya kaiwa.

Kula da wurin

Rana tana cinye roba, damina tana kawo tsatsa, hunturu yana cika komai da ƙura. Robobin ja da tabarma ana shigar da su ɗaki bayan amfani. Sau ɗaya a wata a duba mahaɗan walda da notina da gindin ginshiƙai, a kuma duba faifan kankare ko ya fara tsagewa, a cire wanda ya tsage. Kafin a ɗaga taya ko buhun yashi da ya kwana a ƙasa, a buga shi da sanda saboda kunama. Gabanin kowace damina a sabunta fentin ƙarfe, a ƙara ɗaure rufi, a yashe hanyar ruwa. Idan maza da mata da yara ne ke tarayya a wurin, raba lokaci tun farko yana sa kowa ya samu rabonsa, musamman matan gida, waɗanda galibi su ne ba su da wani wurin da za su je.